Usnik ko atranorin: wanne ya kamata ɗalibin bincike ya ɗauka?

Ɗalibin da ke shirin digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, ko ƙananan halittu, ko sinadarai, idan ya ga an riga an tatse zogale da darbejiya da sabara, yakan fara waige-waige. Wasu a nan idonsu ke faɗawa kan laikin, wato ɓawon nan mai ruwan toka ko kore-kore da ke manne a jikin mangwaro da kan dutse, wani kuma yana reto daga reshe kamar gemun tsoho. Halittu biyu ne a jiki ɗaya: naman gwari da ke gina gidan, da gansakuka ko wata bakteriya da ke dafa abinci da hasken rana. Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya fara faɗin haka a 1867, kuma an daɗe ana yi masa musu kafin a yarda. Abin da ya ja hankalin masu neman magani shi ne sinadaran da naman gwarin ke fitarwa yana jerawa a bayan zarurrukansa kamar ƙananan lu'ulu'u. An san fiye da 1000 daga cikinsu, kuma mafi yawansu ba a samunsu a wata halitta.

Duk wanda ya fara karatu a kan wannan fanni, sunayen sinadarai biyu zai yi ta cin karo da su, usnik asid da atranorin. Galibi tsakaninsu ake zaɓe. Ina ganin zaɓin ya fi ƙarfin a ce "wanne ya fi aiki", domin amsar wannan tambayar a fili take, kuma ita ce ke jefa ɗalibai a rami.

Usnik ne ya fi ƙarfi, babu tantama. Bajamushe W. Knop ya fara ware shi a 1844, rawaya ne, kuma shi ke ba laikin irin su Usnea da Ramalina da Xanthoparmelia da wasu Cladonia launinsu na kore mai ratsin rawaya. A 1944, lokacin da duniya ke cikin zumuɗin fenisilin, Paul Burkholder da abokan aikinsa a Amurka suka gwada laikin iri-iri suka ga da yawa suna hana bakteriya girma. Daga nan aka bi sawu a Suwizalan da Finlan da Tarayyar Sobiyat, har aka yi man shafawa da shi, Usno a Finlan, Binan a Sobiyat. Yana kama bakteriya masu karɓar rinin Gram (rinin da ake raba bakteriya gida biyu da shi) sosai: Staphylococcus aureus, har da wanda ya gagari maganin metisilin, da enterokokai, da dangin ƙwayar tarin fuka. Wani aiki da aka wallafa a 1995 ya nuna 'yan maikirogiram kaɗan a mililita ɗaya sun isa su tsayar da su. Amma a kan su E. coli da Pseudomonas, waɗanda ba sa karɓar rinin, kusan ba ya taɓuka komai. Ɗalibin da ya rubuta cewa tsantsar usnik ɗinsa ta kashe E. coli warwas, ya fara duba abin da ya narkar da ita a ciki kafin ya yi murna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Usnik yana ratsa fatar mitokondiriya, wato injin da ƙwayar halitta ke samar da kuzari da shi, ya tsiyayar da cajin da ake tarawa a can. Ƙwayar sai ta yi ta ƙona abinci ba tare da ta samu kuzarin ba. Wannan ne ya sa 'yan kasuwar maganin rage ƙiba suka so shi, kuma wannan ne ke kashe hanta. A watan Nuwamba na 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina shan LipoKinetix, wani haɗin rage ƙiba da ke ɗauke da gishirin usnik tare da kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi, da yohimbin da wasu. Likitoci a Los Anjelas sun wallafa bayanin mutum bakwai a 2002, dukkansu hantarsu ta kamu cikin wata uku da fara sha, suka farfaɗo bayan sun daina. Ana iya cewa ai haɗi ne, wa ya san mai laifin? To a 2004 aka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 28 da ta sha tsantsar usnik kaɗai, miligiram 500 a rana na mako biyu, sai da aka yi mata dashen hanta. A shekarar ne kuma wani gwaji ya nuna maikiromola 5 kacal ya kashe kusan dukkan ƙwayoyin hantar ɓera da aka raina a faranti cikin awa 16. Dabbobi ma ba su tsira ba: a farkon 2004 ɗaruruwan manyan barewar da ake kira elk suka durƙushe suka mutu a jihar Wayomin bayan sun ci laikin Xanthoparmelia chlorochroa, kuma usnik na cikin waɗanda ake zargi, ko da yake masu binciken ba su ce shi kaɗai ba ne.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ina ganin yadda shayin rage tumbi da ƙwayoyin "ƙona kitse" ke yawo a wayoyinmu, ana saye ba a karanta abin da ke ciki. Wanda ya ga an rubuta usnik ko Usnea a jikin abin da za a haɗiya, ya ajiye shi. Ga ɗalibi kuwa darasin shi ne, ƙarfin usnik da gubarsa tushensu ɗaya. Idan ka ga ya kashe ƙwayar ciwon daji a faranti, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, tambaya ta farko ita ce ko ya kashe lafiyayyar ƙwaya a daidai wannan ma'aunin. A 2013 an gwada sinadaran laikin huɗu a kan matakin da ƙwayar maleriya ke zama a hanta, usnik ya fi sauran ƙarfi. Labari mai daɗi, sai dai hantar da ake son ya je ya yi aiki a cikinta ita ce gaɓar da ya fi cutarwa. Wanda ba shi da hanyar gwada guba a kan lafiyayyun ƙwayoyi, duk abin da ya rubuta a kan usnik a matsayin maganin sha rabin magana ce.

Atranorin halinsa daban. Ba shi da launi, kuma shi ke zaune a fatar laikin masu ruwan toka irin su Parmotrema da Physcia da Heterodermia da Dirinaria, yana tare musu zafin hasken rana. A kan bakteriya rauni gare shi, wani lokaci matsakaici, kuma duk wanda ya ɗauke shi da niyyar samo sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta zai sha takaici. Inda ya nuna alama shi ne kumburi da zogi. A 1999 Kumar da Müller sun nuna yana hana fararen ƙwayoyin jini haɗa lukotirayin B4, ɗaya daga cikin sinadaran da ke rura kumburi. Masu bincike a jihar Sarjife ta Barazil sun ciro shi daga Cladina kalbii suka ga ya rage zogi da kumburi a ɓeraye, ya kuma taimaka wa rauni ya haɗe. A Koshitse ta ƙasar Sulobakiya, a 2011, an jera shi da usnik da fariyetin da jairoforik asid a kan ƙwayoyin ciwon daji iri-iri, shi da usnik suka fi sauran biyun tasiri. Gwaje-gwajen dabbobi da aka yi zuwa yanzu ba su nuna masa irin ɓarnar hantar usnik ba, amma ayyukan ba su da yawa, kuma babu wata hukuma da ta amince da shi a matsayin magani. Haka shi ma usnik ɗin, iyakarsa man shafawa da man goge baki da maganin warin jiki.

Sai dai atranorin na da nasa aibin, kuma a fata yake fitowa. Masu turare a Faransa sun daɗe suna jiƙa laikin Evernia prunastri da Pseudevernia furfuracea domin ƙamshin nan mai nauyi da ke riƙe turare. Wajen sarrafawa, atranorin da ɗan'uwansa mai kulorin sukan farfashe su ba da atranol da kuloro'atranol, waɗanda ke cikin mafi tsananin abubuwan da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, ko da ɗan mitsitsi ne. Tarayyar Turai ta haramta su a kayan kwalliya da dokar da ta fitar a 2017, aka hana shigo da sababbin kaya kasuwa daga Agustan 2019, aka hana sayar da ragowar daga Agustan 2021. Saboda haka mai tunanin haɗa man rauni da atranorin dole ya sa gwajin fata a cikin shirinsa. Usnik ma yana sa wasu ƙaiƙayi, amma bai kai waɗannan ba.

Wannan saurin farfashewar shi ne babban abin da ke raba su a kan teburin ɗakin gwaji. Usnik mai haƙuri ne. Ka shanya Usnea a inuwa, ka daka, ka jiƙa a asiton, ka tace, ka bar ruwan ya ragu, za ka ga siraran allurai rawaya sun fito a gindin kwalbar, suna narkewa a wajajen digiri 204. A wasu nau'o'in yakan kai 'yan kashi cikin ɗari na busasshen nauyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga sinadarin halitta. Kuma kamfanonin sinadarai na sayar da tsantsarsa, don haka kana da abin da za ka auna naka da shi. Atranorin kuwa idan ka bi hanyar da aka saba a sassanmu, wato a zuba metanol ko etanol a na'urar Soxhlet a bar shi yana tafasa awanni, barasar za ta raba shi gida biyu. Abin da za ka tarar a ƙarshe atrarik asid ne da wani ɓangaren, kai kuma kana rubuta sakamako da sunan atranorin. Asiton mai sanyi ya fi, kuma kada a daɗe. Wasu masana a Nowe sun nuna cewa idan laikin ya bushe sarai, ana iya ɗauraye shi da asiton a cire sinadaran ba tare da an kashe shi ba, abin da ke nuna cewa kayan a waje suke, ba sai an dafa ba.

Shi kansa atrarik asid ɗin ba abin zubarwa ba ne. An same shi a ɓawon Prunus africana, itacen da ke fitowa a tsaunukan Kamaru da Mambila, wanda ake fitar da ɓawonsa Turai domin maganin kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma masu bincike a Jamus sun nuna yana toshe wurin da sinadarin namiji ke kamawa a ƙwayar halitta. Ɗalibin sinadarai da ya iya raba atranorin da gangan, ya auna uwar da 'ya'yan kowanne daban, ya yi aikin da ya fi jiƙa ganye goma a metanol.

Dukkansu biyu ba sa narkewa a ruwa, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Gwajin da ake ɗora 'yar takarda a kan agar, wato daskararren abincin da ake raino bakteriya a kansa, a auna faɗin da'irar da ta wanke, yana auna yadda sinadari ke tafiya a cikin agar ne tare da ƙarfinsa. Abin da ba ya son ruwa ba zai yi nisa ba, sai ya ba ka ƙaramar da'ira ko da mai ƙarfi ne. A yi gwajin tsarma shi a ruwan raino cikin faranti mai ramuka 96, a narkar da shi a ruwan narkarwa na DMSO, a rage DMSO ɗin zuwa kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa, a kuma bar rami mai DMSO zalla domin shaida. Usnik yana da ƙarin wata dabi'a: a cikin jini fiye da kashi 99 cikin ɗari nasa yana manne wa furotin, don haka ƙarfin da ya nuna a ruwan raino yakan ragu idan aka sa ruwan jini. Gwajin DPPH kuma, na auna ƙarfin sinadari wajen kare ƙwayar halitta daga lalacewa, wanda kusan kowane kundi ke ɗauke da shi, canjin launi ne a kwalba. A yi shi idan ana so, amma kada a gina babi a kansa a ce an samo maganin tsufa.

Sai batun samuwa, wanda ga ɗalibin Kano ko Zariya ko Maraɗi yana iya yanke hukunci tun kafin a je ga sauran. Usnea na son raɓa da hazo da iska mai tsabta, shi ya sa sai a tsaunuka irin Mambila da Obudu da tsaunukan yammacin Kamaru ake ganinsa yana reto. Tafiya ce mai kuɗi, kuma wurare irin dajin Ngel Nyaki da gandun Gashaka Gumti ba a shiga a ɗebi abu sai da izini. Masu ruwan toka masu atranorin sun fi juriya, ana samunsu a jikin tsofaffin itatuwa a wuraren da ke da ɗan danshi, nesa da hayaƙin gari. Ko wanne ne, a tuna laikin ba ciyawa ba ne da za ta tsiro da damina mai zuwa. Masu kama da ganye 'yan milimita suke ƙarawa a shekara, masu manne wa dutse wasu ko milimita ɗaya ba sa kaiwa. Buhu guda da aka kankare daga daji aikin shekaru ne masu yawa. Giram 20 zuwa 50 ya isa yawancin aikin digiri na biyu idan an tsara shi, kuma abin da iska ta kakkaɓo ƙasa tare da busassun rassa ya fi dacewa a fara tsinta. Raino naman gwarin shi kaɗai a faranti yana yiwuwa, amma yana da jinkiri ƙwarai kuma sau da yawa ba ya fitar da sinadarin da ake nema. Masu binciken ƙwayoyin gado sun fara buɗe wata ƙofar: a 2016 wata tawaga a Kanada ta nuna ƙwayoyin gadon da ake ganin su ke haɗa usnik a Cladonia uncialis, a 2021 kuma masu bincike a Koriya ta Kudu suka dasa na atranorin a wani naman gwari mai saurin girma, ya kuwa fitar da shi.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan kowa, ko wanne ka zaɓa, wato sanin abin da ke hannunka. Kundin da ya ce "an ɗebo laikin daga jikin mangwaro" ba tare da suna ba, babu wanda zai iya maimaita shi, kuma a reshe ɗaya ana iya samun nau'i huɗu a cakuɗe. Abin farin ciki, kayan ganewar masu araha ne. Tun 1866 William Nylander ɗan Finlan ya fara ɗiga ruwan fotash da ruwan bilic a kan laikin yana duba canjin launi, Yasuhiko Asahina na Japan ya ƙara na uku a 1934, wato PPD, sinadarin nan da ake sa wa baƙin lalle da rinin gashi. Ka ɗiga fotash mai kashi 10 a fatar Parmotrema, nan take za ta koma rawaya, alamar atranorin ke nan. Ka kankare fatar da reza har farin cikin ya bayyana, ka ɗiga bilic, idan Parmotrema tinctorum ne sai ya yi ja wur na ɗan lokaci saboda lekanorik asid. Daga nan sai farantin TLC, wanda ke rarrabe sinadarai ɗigo-ɗigo, bisa tsarin da Chicita Culberson ta daidaita a farkon shekarun 1970, a fesa salfurik asid mai kashi 10, a gasa a digiri 110. A wannan tsarin atranorin da norsitiktik asid su ne ma'aunin da ake jera sauran ɗigo-ɗigon da su, don haka mai aiki da atranorin yana koyon harshen fannin gaba ɗaya. Littafin Swinscow da Krog na 1988 a kan manyan laikin na Gabashin Afirka yana taimakawa wajen suna, tun da nau'o'i da yawa sun ratsa nahiyar. A ajiye samfuri mai lamba a ma'ajiyar tsirrai, ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a rubuta wuri da itacen da aka ciro shi da watan.

To wa zai ɗauki wanne? Idan kana sashen ƙananan halittu, shekara guda gare ka, kuma abin da ke hannunka ƙwayoyin Staphylococcus ne da aka samo daga raunukan marasa lafiya, ɗauki usnik, ka sayi tsantsarsa, ka tsaya a kan amfanin waje: rauni, fata, ko hana ƙwayoyi yin yauƙi a jikin robar da ake sa wa majiyyaci, wanda wata tawaga a Italiya ta nuna yana yiwuwa a 2004. Za ka samu sakamako mai tsabta, sai dai ka sani ka shiga layi mai tsawo, sabon abu zai yi wuya sai ka kawo tambayar da ta fito daga wurinka. Ga guda da nake ganin ta cancanci a bi. Masu bincike a Farnambuko ta Barazil sun mayar da usnik gishirin fotasiyam mai narkewa a ruwa, suka gwada shi a kan dodon koɗin Biomphalaria da ke ɗauke da tsutsar tsargiyar hanji, ya kashe shi da ƙwansa. Tsargiyar fitsari da ke damun yaranmu a bakin madatsun ruwa da fadamu ta hanyar dodon koɗin Bulinus take bi. A nan gubar usnik ita ce ake nema, kuma babu wanda zai haɗiye shi, amma dole a gwada shi a kan kifi da ƙananan halittun ruwa, a kuma tuna dabbobi da mutane na shan ruwan.

Idan kuwa kana sashen sinadarai ko ilimin magungunan tsirrai, kana da TLC da ɗakin ɓeraye da izinin kwamitin ɗa'a, ni atranorin zan nuna maka. Sakamakonsa ba zai yi armashi a ranar kare kundi kamar na usnik ba, da'irorinsa ƙanana ne, kuma zai bukaci ka kula da zafi da abin narkarwa a kowane mataki. Amma yana kusa da kai, an yi masa aiki kaɗan, kuma yana zuwa da rakiya: a Parmotrema tinctorum akwai lekanorik asid, a Heterodermia akwai ziyorin, a Dirinaria akwai daibarikatik asid. Ka ware su, ka gwada kowanne shi kaɗai, sannan ka gwada su a haɗe, ka sa maganin kumburi irin indometasin ko daikulofenak a gefe domin kwatanci. Wanda ba shi da ɗakin ɓeraye ma bai rasa abin yi ba. Ya zaɓi wuri ɗaya, ko tsaunin Jos ko wani kurmi a kudancin Kaduna, ya tattara nau'i goma sha biyar, ya ba kowanne suna da lamba da hoton farantinsa, ya auna yawan atranorin da usnik a cikinsu da rani da damina. Duk wanda zai zo bayansa neman magani a wannan yankin, daga wannan jerin zai fara.